Sarƙar da Baba Ya Zaɓa wa Yaya Sabi'u

Ranar wata Juma'a ce, cikin sanyin shekarar da na cika goma. Muna zaune a ɗakinmu na unguwar Karantina a Jidda muna cin shinkafa da wake bayan an sauko daga masallaci, sai wayar Baba ta yi ƙara. Babban wanmu ne, Yaya Sabi'u, yake kira daga wata gona a kan duwatsun Tabuk, inda yake tuƙa tarakta. Baba ya buɗe muryar wayar don Umma ta ji. Tun daga sallamarsa muka san ba lafiya ba, domin haƙoransa na kaɗawa. Ya ce talj ya sauka, wato dusar ƙanƙara, ya rufe hanyar da ake kawo wa tumaki abinci. Ya fita da tarakta zai ture shi, sai ta zame da shi a kaikaice, tana tafiya yana taka burki ba ta ji, har wani dutse ya tare ta a bakin kwazazzabo. Umma ta ajiye cokali, ba ta sake ɗauka ba. "Baba, sai da sarƙa a taya," in ji shi. "Mai gona ya ce tunda kai mai taya ne, ka nemo, direbansa zai zo ya karɓa."

Mu duka a Jidda aka haife mu, amma babu mai iƙama, wato takardar izinin zama, a gidanmu. Iyayenmu sun zo umra tun suna ango da amarya, suka zauna. Saboda haka duniyata ba ta wuce lungunmu ba. Da safe in karɓo waken ful da burodin tamis, in tare motar ruwa da jarkoki, in tafi karatun allo a gidan wata malama, in dawo in taya Umma ɓare gyaɗa da ƙulla zoɓo a leda. Da la'asar sai mu hau rufin gida, ni da ƙanena Nura, mu yi carafke ko 'yar gala-gala a kan siminti mai zafi, muna hangen fitilun tashar jiragen ruwa. Teku na nan kusa, muna jin warinsa, amma sai in daɗe ban gan shi ba. Kullum Umma kan ce, "In kun ga bakin titi, ku juyo." Shi ya sa tafiyar Yaya ta zame mana babban abu. Mai gonar, wanda yake zaune a nan Jidda, ya yi masa alkawarin zama kafilinsa, mai tsaya masa ya samu takarda, in ya riƙe gonar da kyau. Muna ganin in Yaya ya samu takarda, kamar an buɗe mana taga ne mu duka.

Baba ya yi shekaru a banshar, shagon facin taya, ya san taya kamar tafin hannunsa, amma bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, kuma bai ɓoye hakan ba. Washegarin kiran Yaya ya ce in sa mayafina in raka shi haraj, kasuwar tsofaffin kaya ta kudancin gari, domin idonsa ya fara rauni, ni zan riƙa karanta masa lambobin tayar da Yaya ya faɗa. Ban taɓa nisa irin na ranar ba. Muka ratsa tsakanin tsofaffin firji da ƙofofin mota da tulin waya, har rumfar wani tsoho mai sayar da ƙarafa. Ya zube mana sarƙoƙi iri uku a ƙasa. Akwai sirara ta ƙananan motoci, wadda Baba ya ture da ƙafa. Akwai mai kama da tsani, layi-layi a gicciye. Akwai kuma wata mai nauyi da aka saƙa kamar raga, duk ta yi tsatsa.

Baba ya daɗe a tsugune. Ya jawo wata tsohuwar tayar tarakta da ke jingine, ya shimfiɗa mai kama da tsanin a kanta, muka ga layukan sun faɗa cikin ramukan tayar sun ɓace. Ya ɗora mai ragar, ita kuwa ta zauna a saman haƙoran tayar. Ya kira Yaya ya sake tambayarsa, gaba ta zame ko gefe? Yaya ya ce gefe. Baba ya shafa sarƙar, ya ce da ni a hankali, "Zulai, ni ban san abin nan ba. Amma wannan za ta riƙe shi ta kowane ɓangare." Tsohon ya ce, "Halas, ɗauki, Allah ya tsare yaron." Aka loda mana mai ragar guda biyu a ƙaramar motar kaya, na zauna a kansu har gida, ina jin kamar ni na ƙera su.

Ba mu kwana biyu ba aka fara kamen marasa takardu. Irin wannan yakan zo ya wuce, amma na shekarar ya daɗe. Mai banshar ya rufe shago, malama ta sallami yara, maza suka daina fita ko masallaci. Direban mai gona ya ce shi ba zai shigo da motarsa Karantina a wannan hali ba, sai dai a fito masa da kayan bakin babban titi. Baba kuwa ko ƙofar gida ba ya leƙawa. Haka sarƙar ta zauna a tsakiyar ɗakinmu, ɗaki ɗaya tal da muke da shi, ta cinye wurin shimfiɗar Nura. Muka riƙa tuntuɓe da ita, tsatsarta ta ɓata tabarma, warin ƙarfe da baƙin mai ya shiga har cikin tuwo. Baba yakan wuni yana goge ta, yana duba kowane zobe, yana gyara ƙugiyoyinta da guduma da ya naɗe da tsumma don kada ƙarar ta fita waje. In ya gama sai ya sake farawa. Tagarmu ɗaya ce, ita ma an rufe ta da kwali.

Ni da Nura muka ƙirƙiro wasa. Mukan kankare ƙanƙarar da ke manne a jikin firjin zoɓon Umma da cokali, mu tara ta a faranti, mu ce ga Tabuk. Nura ya kawo motarsa ta roba, in naɗa wa tayoyinta wata tsinkakkiyar sarƙar wuya, mu tura ta kan tulin kafin ya narke. Kullum kafin motar ta haye, Tabuk ta zama ruwa. Wata rana na ɗaga kai na ga Baba yana kallonmu, bai yi dariya ba, bai kuma hana mu ba. Yaya kuwa yana ta kira. Sanyi ya ƙaru, abincin tumaki ya kusa ƙarewa, mai gona na matsa masa ya fita da tarakta haka nan.

Umma ce ta yanke shawara. Bayan sallar asuba ta jawo tsohon keken jarirai da take tallan gyaɗa da shi, irin wanda matan unguwarmu ke turawa suna tsintar gwangwani. Ta ce mace mai tura keke da yarinya a gefe ba kowa ke kallonsu ba. Baba ya ce a'a, ta ce, "To kai za ka fita, ko Sabi'u za a bari ya faɗa rami?" Muka naɗe sarƙa ɗaya a buhu, muka rufe da kwalaye. Keken na kuka, ni ina ja ta gaba, Umma na turawa. Muka kai ta farko muka ɓoye bayan wata tankar ruwa kusa da titi, muka koma. A zuwa na biyu ƙafar keken ta karye ana saura kaɗan. Daidai lokacin wata mota ta taho a hankali ta bakin lungun. Umma ta tsuguna tana tattara kwalaye kamar abin da ya kawo ta ke nan, ta ce da ni ba tare da ta dube ni ba, "Kada ki gudu." Motar ta wuce. Muka kama bakin buhun mu biyu muka ja shi a ƙasa, yana tsayawa muna ja, har inda direban yake jira da injin a kunne yana cewa yalla, yalla. Tafin hannuna ya yi kwanaki yana zafi.

Sarƙar ta isa, ta kuma zauna wa tayar daidai. Yaya ya kira da hantsi, ya ce mu yi shiru mu saurara, ya miƙa wayar waje. Muka ji kacau-kacau, kacau-kacau, ƙarfe na cizon ƙanƙara, injin na gurnani a bayansa. Nura ya yi tsalle, Umma ta yi guɗa ƙasa-ƙasa da hannu a baki saboda maƙwabta. Baba ya juya fuskarsa bango, ya daɗe bai juyo ba.

Hanyar gonar ba ta sake rufewa ba, kuma tarakta ba ta sake zamewa ba. Mai gona ya ji daɗin Yaya ƙwarai, har ya ce ba shi da kamarsa. Takardar ce dai ba ta zo ba. In Yaya ya tambaya sai a ce bayan sanyi, in sanyi ya wuce a ce bayan aski na tumaki, in an yi wannan a ce bayan Hajji. Shi kuma ba ya iya zuwa gida, domin tsakanin Tabuk da Jidda akwai shingayen bincike, wanda ya kai shi a ɓoye kuma ya daina wannan hanya. Na girma, Nura ya fi Baba tsawo, Yaya yana can kan dutse, muryarsa kawai muke da ita. A ciwon da Baba bai tashi ba, ina ba shi kunu, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Da na ɗauko sarƙar da ba ta yi ba, wataƙila da sun kore shi ya dawo mana." Na ce da kuma ya faɗa ramin fa, Baba? Ya ce, "Na sani," ya rufe ido. Ta waya Yaya ya ji an ɗauki gawar Baba.

Yanzu an rushe Karantina, wurin da ɗakinmu yake ya zama fili, ko lungun ba zan iya nuna wa 'ya'yana ba. Ina zaune a unguwar Kurayyat ina ɗinkin abaya, Umma na wurina, har yau kuma in na hango bakin titi sai na rage sauri. Yaya Sabi'u daga baya an kama shi aka kai shi Najeriya, ƙasar da bai taɓa takawa ba, yana can yana noman shinkafa da taraktar wani, ya yi aure, ya yi furfura. 'Ya'yana suna jin Hausa, amma da Larabci suke gaishe shi a waya. In sanyi ya zo sukan nuna mini hotunan Tabuk a waya, mutane na dariya suna jifan juna da farin abu, su ce in Allah ya so za su kai ni. Nakan ce to. Abin da nake so in gani ba can yake ba, ɗakin nan ne matsattse, da mu duka a cikinsa.