Ranar da Aka Dawo da Delu

Warin hayaƙin banda ne ke fara zuwar mini, sannan muryarta ta biyo baya. A ƙauyenmu da ke bakin tafkin Kainji, kusa da Wara, Kaka ba ta hura wuta don tatsuniya. Wutar kifinta ce. Bayan sallar isha'i takan zauna gaban murhun banda tana juya tarwaɗa, mu kuma mu kewaye ta, ni da Yaya Bashar da yaran maƙwabta, idanunmu na hawaye saboda hayaƙi amma ba mai matsawa.

"Ga ta nan tafe cikin kwalekwale," in ji ta.

"Ta iso gaɓa mu tarbe ta!"

Cikin dukan tatsuniyoyinta, ta Delu Mai Filafili muka fi roƙo. Delu yarinya ce a wani gungu, wato tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, inda ake noman albasa da gero. Ta gaji filafilin tuƙi wanda in ta daki ruwa da shi sai ruwan ya ja da baya. Da shi ta kori kada daga mashaya, da shi ta tsamo jiragen da iska ta kifar. Sai wata shekara wani ruwa ya zo, ba da ruri ba, ba da igiya ba. A hankali yake hawa, kamar baƙon da ya san ba zai koma ba. Delu ta dake shi, ya ja baya kaɗan ya dawo. Ta sake, ya dawo. Da ta gane wannan ba ruwan duka ba ne, sai ta mai da filafilin ga aikinsa na asali. Ta yi ta jigilar mutane zuwa tudu, tsofaffi, jarirai, awaki, irin shuka. Da kowa ya haye, ta juya kwalekwalenta ta koma ta yi wa gungun sallama, don ba a barin gida ba a ce masa sai wata rana ba.

A nan Kaka ke tsayawa, ta juya kifi.

"Kaka, sai ta mutu?" Yaya Bashar ke tambaya kullum, kamar wata rana amsar za ta sauya.

"Kai maigidan banza, mi nac ce? Na ce ta mutu? Cewa na yi ba ta dawo ba. Ƙurunƙus kan tarwaɗa, ku tashi ku ba ni wuri."

Yaya Bashar ya tashi da hannun zane. Da ya gama karatu ya zana labarin Delu shafi-shafi, hoto na bin hoto, maganganu a cikin 'yan da'irori, aka buga shi ƙaramin littafi. Bai ƙara ba, bai rage ba. Shafin ƙarshe ruwa ne kawai, shimfiɗe, babu ko tsuntsu. Kaka ba ta karatun boko, amma ta bi hotunan da yatsa har ƙarshe.

"Ka ba ta hanci kamar ɗiyar Fulani," ta ce, muka yi dariya. Sannan ta dafa shafin ruwan nan, ta dube shi. "Nan ka yi daidai. Ko bayan raina, kada ka bari a dawo da ita."

"In sha Allahu, Kaka."

Ina wurin. Na ji da kunnena.

Bayan rasuwarta wasu masu shirya fim suka nemi littafin. Ranar da fim ɗin ya fito na tara ƙannena a ɗakin Inna a Yelwa, muka jingina waya da kwano, ina jira kamar zan ga Kaka ta shigo.

Delun da na gani tana sanye da matsattsun kaya masu ƙyalli, da mayafi yana kaɗawa a bayanta. Filafilin yana fitar da walƙiya. Na ce ba komai, ado ne. Ruwan kuma suka ba shi fuska, dodo mai jajayen idanu da haƙora, yana ruri yana magana. Nan na ga sun fara kaucewa, domin abin da ya sa ruwan Kaka ban tsoro shi ne ba shi da fuskar da za a mara. Babu jigila, babu tsohuwa ko ɗaya a cikin jirgi. Delu ta tashi sama, ta tsaga dodon gida biyu, ta sauko a kan gungu busasshe, mutane na kiɗa suna ɗaga ta. Ƙannena suka yi ta tafi. Da sunaye suka fara hawa, na ga na Yaya Bashar a ƙarƙashin tsara labari.

Na kira shi.

"Yaya, kun dawo da ita."

"Kulu, ki fahimta mana. Fim daban, littafi daban. Wa zai zauna ya zuba ido ya ga ruwa ya ci gari?"

"Mu mun zauna. Cikin hayaƙi ma."

"Yanzu yara a Legas sun san sunan Delu. Wannan ba abin alfahari ba ne?"

"Sun san sunan. Ita fa?"

Sai ya ce ana jiransa. Mun daɗe bayan nan gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Na sha tambayar kaina me ya yi mini zafi haka. Ba kayan ƙyallin ba ne. A bakin Kaka na koyi cewa akwai jarumtar da ba ta cin nasara, wadda iyakarta ta ƙirga mutane ta ga kowa ya haye. Mu jikokin waɗanda aka tasa ne lokacin da aka datse kogi, gidajen kakanninmu suna ƙarƙashin ruwan da muke wanki a bakinsa. Labari ɗaya ne ya faɗa mana gaskiyar wannan, shi ma ɗan gida ya miƙa shi aka yi masa fenti.

Shekaru bayan haka na je suna a Shanga, na kwana wurin ƙanwar Kaka, Iya Ƙarama. Da yamma na ji tana ba jikokinta labarin Delu. A bakinta, Delu ta daki ruwa ya gudu, gungu ya tsira, aka yi biki.

"Iya, ke ma fim ɗin kika kalla?"

"Wane fim? Haka munka ji shi ga uwayenmu, tun muna gungu." Ta gyara ɗaurin kallabinta. "Yayata ce ta sake mai ƙarshe, shekarar da anka kwashe mu. Ta ce ta ga ruwa da idonta, ba ta ƙara yi ma ɗiyan kowa ƙarya."