Mai Dafa Mazarƙwaila Ba Hanci

Shekara ashirin ina dafa mazarƙwaila a gonar rakenmu da ke bayan Maƙarfi, kuma da hanci nake aikin. Idan ruwan rake ya nuna, akwai ƙamshin da yake tasowa, kamar na gyaɗar da ta kusa soyuwa. Da na ji shi sai in ce a janye wuta.

Sai babur ya kayar da ni a hanyar Hunkuyi, kaina ya bugi dutse. Na tashi da raina, alhamdu lillahi, amma jin ƙamshi ya yi tafiyarsa ko sallama babu. Likita ya ce hancin lafiyarsa lau, ƙwaƙwalwa ce ta taɓu. Ga saurin gajiya, ga mantuwa. Hulata tana kaina nake nemanta, har da faɗa.

Da kakar rake ta zo, na ƙona kasko biyu a yini ɗaya. Yayana, wanda muke aikin tare, ya bar saran rake. Ya dawo gindin murhu, yana shinshinawa a fakaice. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ni da ake aikowa daga Likoro in je in duba dahuwa, yau ni ake gadi. Na ji tsoro ƙwarai, don ban iya wata sana'a ba.

Washegari na koma gefe ina kumbure-kumbure, na rufe ido saboda hasken rana yana tayar mini da ciwon kai. A nan na ji abin da ban taɓa saurara ba. Da farko tafasar sauri take yi, shaa. Can sai ta yi nauyi, ɓul, ɓul, kamar talge.

"Yaya, janye wuta," na ce, idona a rufe.

"Da saura."

"Don Allah janye."

Ya shinshina, ya dube ni, ya janye. Muka zuba a ƙananan kwanoni. Da ta daskare ya ɓantari ɗaya, ya yi ta taunawa a hankali, don dai ya ja mini rai.

"Kai fa ba ka da kunya," ya ce. "Da kunne ma sai ka riga ni?"

Na yi dariya har da hawaye, daɗi ya cika ni. Har yau ba na jin ƙamshinta, kuma ina kewarsa. Amma a ranar Yaya ya ɗauki addarsa ya shige cikin rake, ya bar ni ni kaɗai da kaskona.