Baƙi Huɗu a Cikin Goggo

Duk wanda ya taɓa shiga motar Kawu Ilu ya san yatsan nan. Za ka buɗe ƙofa, ka zauna, ka buɗe baki za ka ce "Kawu, ina kwana," sai ka ga ya ɗaga manuniya sama, idonsa na kan titi. Wato ka dakata, mai ganga bai gama ba. Sallama kaɗai yake amsawa, ita ma a taƙaice. Sai kiɗan ya kai inda yake so, sannan ya sauke yatsan, ya juyo da fara'a kamar yanzu ya gan ka.

"A'a, Habu! Yaushe ka shigo?"

Ni ne Habun, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a unguwar Jaradiya, nan Riyad. Na rubuta wannan ne domin da yawa a cikinku sun tambaye ni yadda aka ƙare da kaset ɗin nan. Kun san matarsa, Hajiya Asabe, ta fita takaba, kuma za su koma Jos ita da 'yarsu Nusaiba. Goggo kuwa, wato tsohuwar motarsa, ba ta sami mai saye ba, sai dai tashlih, inda ake farfasa tsofaffin motoci. Kaset ɗin yana maƙale a cikin rediyonta tun Nusaiba tana goye. Ita ce ta zo ta same ni a shago, da Hausarta mai ƙamshin Larabci.

"Ammu Habu, ba na son komai a motar nan sai shi. Ka fitar min da shi. Amma fa kada ya tsinke."

Na ce to. Amma wallahi na san abin da ta ɗora min.

Asalin kaset ɗin, wani ɗan Filifin ne mai walda ya ba shi, lokacin da Kawu yake tuƙa bas ɗin leburori a wani kamfanin gine-gine. Wasu Turawa ne huɗu masu dogon gashi, masu kiɗan da ake kira rok, aka ɗauka suna wasa a gaban jama'a tun kafin a haifi yawancinmu. Suna da suna, Nusaiba ta san shi, amma Kawu bai taɓa kiransu da shi ba. Shi ya raɗa musu nasa. Mai ganga shi ne Maƙeri. Mai jitar nan mai kaurin murya shi ne Dogo. Mai siririyar jita Ɗan Auta. Mawaƙin kuma Sarkin Ihu.

Mu dai abin da muke ji a motar bai wuce Maƙeri da Dogo ba, dum-dum-dum, sai wata murya can nesa kamar ana kira daga gidan maƙwabta. Na taɓa tambayarsa, "Kawu, ina sauran biyun?"

"Suna nan. Kai ne ba ka ji."

Sannan ga kukan magen nan. Kun tuna? Ana cikin dum-dum-dum, sai Kawu ya karkata kai, ya matse hanci, ya fara: "Wiii, nyau-nyau-nyau, wiiii!" Dattijo mai furfura a gemu! Idan danja ta tsayar da mu, mutanen motar gefe su yi ta leƙe, ni kuma in nutse cikin kujera.

"Kawu, don Allah, wannan kukan magen na mene ne?"

"Wani nake riƙe wa aiki."

"Wa?"

Sai yatsa ya tashi. Shi ke nan an rufe magana. Na yi shekaru ina juya amsar nan a raina, ban gane kanta ba.

Lasifikar dama ta Goggo a mace take, wannan na sani. Na duba na ga matsalar tana cikin rediyon, sai an buɗe shi. Na ce masa in ya bar ni zan gyara kyauta, kiɗan ya ƙara ƙarfi. Ya dube ni kamar na ce zan yi wa Hajiya tiyata da wuƙar yanka albasa.

"Ka buɗe, kaset ya tsinke, ka ce min me? Ka ce min yi haƙuri? Habu, hannunka na sanyaya ɗaki ne. Ka tsaya a can."

Amma fa in ya fara yi maka bayanin mutanen nan, ko ba ka so sai ka saurara. Akwai wani wuri da yake jira kullum. Yana zuwa zai rage gudu.

"Saurara nan. Ka ji? Sanda ta kuɓuce wa Maƙeri. Ka ji ramin? To ji Dogo. Bai juya ya harare shi ba, bai tsaya ba, sai ya ƙara taku biyu ya rufe ramin, har Maƙeri ya ɗauko wata sandar. Mutanen da ke wurin ba wanda ya sani." Sai ya girgiza kai. "Kullum sai ya faɗi, kullum sai ya tare shi. Yau shekara nawa! Ka taɓa samun aboki irin wannan?"

Na ce, "Kawu, ai kaset ne. Dole ya maimaita."

"Kai ma ai kullum maimaita shirme kake yi, wa ya yaba maka?"

Zafin Riyad kuwa shi ne babban abokin gabarsa, domin an gaya masa rana tana narkar da kaset. Idan bazara ta yi, duk kafofin sanyin motar sai ya karkata su wajen rediyo. Kai fasinja ka yi ta zufa kamar an tsamo ka daga rijiya. Ranar da na yi ƙorafi, cewa ya yi, "Kai kana iya shan ruwa. Su fa?"

A layinsu bishiya ɗaya ce tak mai inuwar kirki, a ƙofar baƙalar Abu Salih, wato kantin mutumin Yaman ɗin nan mai sayar da burodi da madara. Can Kawu yake ajiye Goggo, ya lulluɓe gabanta da tsohon bargo. Abu Salih ya yi faɗa har ya gaji.

"Ya Ilyas! Motar kaya za ta zo, ina za ta tsaya? A kaina?"

"Motar kaya tana da baƙi a ciki?"

"Wane baƙi kuma?"

"Mutum huɗu ne da ni a nan, ba ɗaya mai iƙama, takardar zaman ƙasa. In na bar su a rana suka mutu, kai za ka yi bayani?"

Abu Salih ya leƙa motar da gaske, ya ga ba kowa, ya ɗaga hannu sama yana salati. Daga baya da ya gane, shi da kansa yake ajiye kwalin madara a wurin, kada wani ya riga Goggo. Ladansa kuwa dambun naman Hajiya duk sallah.

Kada wani ya ɗauka kiɗa ya sha gaban ibadarsa. Ladan yana cewa Allahu Akbar, hannun Kawu yana kan makunni, ko da Dogo yana tsakiyar tare Maƙeri ne. Wata Juma'a muka ɗauko Ustaz Bashir daga Unguwar Ofisoshin Jakadanci, inda yake aikin fassara. Ustaz ya zauna a gaba. Da aka idar da salla muna komawa, Kawu ya kunna mutanensa ƙasa-ƙasa, Ustaz kuma ya gyara zama ya fara nasiha a kan kaɗe-kaɗe, cikin ladabi, da hujjojinsa. Kawu bai ɗaga masa yatsa ba, malami ne. Ya saurara har ƙarshe.

"Na ji, Malam, Allah ya saka da alheri, kuma ina istigfari. Saura ka maimaita wa ƙafarka ta hagu, don tun daga shataletalen baya take bin Maƙeri."

Ustaz ya dubi ƙafarsa, ya dafe ta da hannu. Har muka sauke shi hannun yana kan gwiwa.

Nusaiba ma ta gwada nata. Ta nemo masa mutanen a waya, duk waƙoƙinsu, ta saka masa abin ji a kunne. Ta ce masa yara a ko'ina cikin duniya har yau suna koyon jita da kiɗansu. Wannan ya yi masa daɗi ƙwarai, har ya ce, "Ai na gaya muku ba ƙananan mutane ba ne." Amma bai jima ba ya cire abin ya miƙa mata.

"An yi musu wanka. A nan sanda ba ta faɗi ba."

"Baba, ai ya fi kyau haka."

"In sanda ba ta faɗi ba, ta ina za ki san Dogo?"

Rashin lafiyarsa ba ta yi tsawo ba. Ba zan yi maganarta a nan ba. Kun je asibiti, kun je maƙabarta, Allah ya ba ku lada.

Ranar da zan yi aikin, da hantsi na je, kafin rana ta yi ƙarfi. Goggo tana ƙarƙashin bishiyarta, ƙura ta rufe ta, bargon yana inda ya bar shi. Nusaiba ta tsaya a bakin ƙofa, Hajiya ta ce ba za ta iya kallo ba. Abu Salih ya bar baƙala a buɗe ya zo ya tsaya a kaina yana ba ni shawarar da ban nema ba.

"Shwayya-shwayya, ya Habu. A hankali!"

Na kwance rediyon na ɗora a cinyata. Da na buɗe murfin, sai na ga zaren kaset ɗin ya yi siriri kamar fatar albasa, ga shi ya ɗan naɗe a jikin wata ƙaramar roba. Na ajiye murfin a gefe. Na yi shekaru ina kama wayar wuta, ban taɓa aikin da ya kai wannan wuya ba. Kamar ina jin muryarsa a kujerar direba: hannunka na sanyaya ɗaki ne. Na yi bismillah, na karɓi tsinken sakace daga Abu Salih, na rinƙa ɗaga zaren kaɗan-kaɗan ina hura masa iska. Da ya saki, na zura biro a ramin kaset ɗin na naɗe shi. Ya fito lafiya. Takardar jikinsa ta ƙone da zafi, ba a ganin rubutun komai.

Nusaiba ta karɓa da hannu biyu. Abu Salih ya ruga ciki, sai ga shi da wata tsohuwar rakoda mai lasifika biyu, wadda yake jin karatu da ita kafin zuwan waya.

"Mu ji ko baƙin suna da rai," in ji shi.

Muka shiga baƙalar, muka ɗora ta a kan firjin lemo. Na danna.

Maƙeri ya shigo, Dogo ya bi shi, kamar kullum. Sai kuma daga lasifikar dama wani abu ya tashi, siriri, mai kaifi, yana hawa yana sauka. Wiii, nyau-nyau-nyau, wiiii.

Kukan magen ne. Shi ne sak, ba ragi ba ƙari, har da ɗan karkacewar nan da yake yi a ƙarshe yana matse hanci. Ɗan Auta ne da jitarsa. Ga kuma Sarkin Ihu a kusa da shi, muryarsa tar, ba daga gidan maƙwabta ba.

Ashe masu ɗaukar kiɗan wancan zamanin raba mutanen suke yi, biyu a lasifikar hagu, biyu a ta dama. Ni da nake taƙama da sanin waya, na ɗauka mutuwar lasifika ɗaya ƙarfin sauti kawai take ragewa. Ashe tun ranar da ta mutu Ɗan Auta bai sake fitowa a motar nan ba, Kawu ne yake tsaya masa, kullum, a daidai wurinsa, kada a ji ramin.

Kuma jama'a, yaron nan ya iya! Sai a ranar na ji kiɗan da Kawu yake ji a kansa duk shekarun nan. Jitar tana magana kamar mutum, tana tambaya, Dogo yana ba ta amsa daga ƙasa.

Abu Salih ya fara dariya, yana nuna rakodar. "Ilyas! Wallahi Ilyas ne!" Dariyar ba ta kai ƙarshe ba ya juya yana gyara burodin da ba abin da ya same shi.

Nusaiba ta saurara har aka wuce inda sanda take faɗuwa. Sannan ta ce, "Ammu, kashe min na daman."

Na murɗa makunnin zuwa hagu. Ɗan Auta ya ɓace. Saura Maƙeri da Dogo, dum-dum-dum, irin na cikin Goggo. Muka tsaya mu uku muna jin wurin yana matsowa. Da ya iso, ba kowa a ciki.

Sai Nusaiba ta karkata kai, ta matse hanci. Muryarta ba ta kai ta babanta iyawa ba, amma ta shiga a kan lokaci. Na buɗe baki zan yi magana, ta ɗaga min yatsa.

Kaset ɗin yana cikin jakarta yanzu, a naɗe cikin hularsa. An kai Goggo tashlih da yammar ranar. Har yau Abu Salih bai ɗauke kwalin madarar daga ƙarƙashin bishiyar ba.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yafe masa kurakuransa, ya rufa masa asiri yadda ya rufa wa wasu. Ya nema wa baƙi inuwa a zafin garin nan. Ya Allah, ka sanya shi a inuwarka ranar da babu wata sai ita. Amin.