Rabin Askin Ilu Wanzami

A Ɗanzomo an yi wani wanzami ana ce masa Ilu, ɗan Ɗahiru mai aska. Dogo ne siriri, ƙafa kamar ta zalɓe, kuma tun yana yaro ba a taɓa ganinsa zaune wuri guda har inuwa ta juya ba. Ko yana riƙe da kan mutum, ƙafarsa tana rawa. Amma hannu, Allah ya ba shi hannu. Sai ya yi maka aski har ka yi gyangyaɗi, ka farka ka shafa ka ji kai sumul kamar bayan sabuwar ƙwarya.

A wancan zamani kowane wanzami da gidajensa. Gidan da ubanka ya yi wa aiki, kai za ka gada: askin suna, cire beli, kaciya, da ƙaho in jini ya yi wa maigida yawa. Da kaka kowane gida ya aiko da damin gero. Gidajen nan kuwa zabira suke bi, wato jakar fatar da ake zuba asake da ƙahoni. Duk wanda ya rataya zabirar Ɗahiru, gida ashirin da bakwai nasa ne, ya huce takaicin duniya.

Shekarar babbar yunwar nan da ta zo bayan Turawa sun ci ƙasa, Ilu yana saurayi, ya bi masu neman abinci ya yi kudu. Aka daina jin ɗuriyarsa. Ashe can ƙasar Zazzau ciwo ya kayar da shi a bakin wani ƙauye, mutanen garin suka ɗauke shi suka yi jinyarsa wata biyu. Hausawa ne sak, har da rawani, amma masu bin Isa Almasihu ne. Ya zauna shekara biyar yana yi musu aski yana sauraro, kun san wanzami rabinsa aska rabinsa kunne. Ƙarshe dai aka kai shi rafi aka tsoma shi, ya yi alkawari a gaban jama'a ba shi da wata madogara sai Almasihu, ya fito Kirista.

Da ya dawo gida ya tarar ubansa ya rasu. Zabira tana rataye a ɗakin Bappa Ɗantsoho, ƙanen uban, wanda shi ne sarkin askar garin. Bappa ya sauke ta ya rataya wa Ilu a gaban mutane, aka shafa fatiha, Ilu ya yi gum.

Wata uku yana wannan gum ɗin. In an kira salla sai ya tuna akuya ta kwance, ko ya manta dutsen wasa aska a ƙauye. Ga kuma zabira: a jikin maratayinta akwai layu uku da kakansu ya ɗinke, don kada hannu ya goce, kada kuma wani wanzami ya yi masa jifa jinin kaciya ya ƙi tsayawa. Duk sanda ya rataya, sai ya ji kafaɗa na ƙaiƙayi. Ya sauya kafaɗa, ita ma ta ɗauka. Ya shiga ɗaki ya fito, ya fito ya shiga. Yayarsa Rabi, wadda mijinta ya rasu take yi masa tuwo, ta zuba masa ido.

"Kai Ilu, kazar da za ta yi ƙwai ma ta fi ka natsuwa. Mata ka bari a Zazzau?"

"A'a, Yaya."

"To sata ka yi?"

"Kusan haka," in ji shi.

Rannan ya sa aska ya farke layun. To, ga inda wauta take. Mai wayo da sai ya binne su a gindin danga, ya ɗinke tsumma a cikin fata ya mayar, wa zai buɗe ya duba? Shi kuwa gogan naku sai ya ga kayan kakansa ne, ba zai yar da su kamar ɓawon gyaɗa ba. Ya naɗe su a ƙyalle mai tsabta, da rana tsaka, ya kai wa Bappa Ɗantsoho a ƙofar gida, dattawa na zaune.

Bappa ya buɗe ƙyallen, ya dubi layu, ya dubi Ilu. "Zaren ne ya tsinke?"

"Ni na cire, Bappa. Na zama mai bin Almasihu, ba zan iya dogara da su ba."

"Annabi Isa ai namu ne. Wa ya hana ka son sa?"

"Ba so kawai ba ne. An yi mini wanka da sunansa."

Wani tsoho ya ce a'uzubillahi, goro ya sarƙe shi. Bappa bai ɗaga murya ba. Ya miƙa hannu ya karɓi zabira da asaken da ke ciki, ya ce sai hankalin yaron ya dawo. Sannan ya aika wa wanzaman ƙasar duka, kada wanda ya taɓa kan Ilu.

Ku da kuke dariya, ba ku san wannan horo ba. Namiji a lokacin, in gashi ya wuce kwana ashirin a kansa, to ko mahaukaci ne ko ɗan bori. Ga wanzami ɗan wanzami da suma. Ya taka zuwa Gumel, wanzamin farko ya ce askarsa ta dakushe. Ya gangara Gagarawa, na can ya ce hannunsa na ciwo, alhali yana tsakiyar yi wa wani saisaye. A Sule Tankarkar ma ba su wahalar da kansu da ƙarya ba, juya masa baya suka yi. Maƙerin garinsu ya ce ƙarfe ya ƙare. Ilu ya ɗauki wuƙar da Rabi take yanka kuɓewa ya gwada da kansa, ya yanki ƙeya wuri uku, Rabi ta ƙwace wuƙarta tana cewa ba za ta ci miyar gashi ba.

Wata huɗu, hula ta daina shiga. Gari ya sa masa Ilu Gizo. Ba ya barci sosai, ba ya zama, yana zaga gonaki yana magana da Ubangijinsa a fili, wanda hakan bai taimaka wa zancen hauka ba ko kaɗan.

Kaka ta zo, gidaje suka fara tambaya ina za a kai dami. Dole Bappa ya yanke: ko Ilu, ko ɗansa na cikinsa Ubale, mutumin kirki amma mai hannu kamar na mai faskare. Ya aika a kira Ilu da hantsi, ƙarƙashin ceɗiyar ƙofar gida, maza sun cika tabarmi.

"Zauna, ɗana. Ɗahiru ba zai yafe mini ba in ya ga kan nan."

Ilu ya durƙusa. Bappa ya jiƙa masa kai, ya wasa aska a tafin hannu, ya fara daga dama. Sanyin iska ya taɓa fatar da ta yi wata huɗu a rufe, Ilu ya lumshe ido, ƙwalla ta zubo. Gashi na faɗuwa a cinyarsa kamar ana sussukar gero. Da aska ta kai tsakiyar kai daidai, sai Bappa ya tsaya. Ya sunkuyo ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ban ce ka rantse ba. Layun ma bar su, na haƙura. In an kira azahar ka shiga sahu ka motsa baki, shi ke nan. Abin da ke cikinka tsakaninka da Allah. In ƙarasa?"

Zabira tana ajiye kan tabarma, kamu ɗaya daga gwiwarsa. Yana jin ƙanshin fatarta. Ya san gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, ya san wanda ke da ƙari a ƙeya, ya san matan da ke da ciki waɗanda za a kira musu wanzami bayan salla. Ƙafarsa ta kama rawa har ƙwaryar ruwa na motsi.

"Bappa, wata uku na gwada ɓoyewa, ban iya ba. Wanda nake bi a fili ya sha wuya saboda ni. Ba zan bi shi a ɓoye ba."

Bappa ya daɗe aska na sama. Sannan ya goge ta, ya naɗe, ya sa a zabira, ya miƙa wa Ubale ba tare da ya dube shi ba. Ubale ya karɓa kamar an ba shi garwashi.

Ilu ya tashi, dama fes kamar ƙwai, hagu kurmi. Ba wanda ya yi dariya, kuma wallahi abin dariya ne. Haka ya ratsa gari, hula a hannu, ya kama hanyar Maigatari. A can ya sami wani maƙeri mutumin Damagaram da bai san Bappa ba, ya ƙera masa aska, ya ƙarasa askinsa da kansa yana duba fuskarsa a ruwan ƙwarya.

Nan ya ƙare rayuwarsa, wanzamin kasuwa. Yana yi wa Buzaye masu raƙuma da fatake aski a gindin bishiya, mutanen da yau suna nan gobe sun wuce. Ba gida ko ɗaya, ba dami, bai sake aske kan jariri ba. Ran Lahadi ko an cika layi ba ya buɗe aska. Bai yi aure ba, don ba mai ba shi.

Rabi kan zo duk bayan mako biyu da fura a ƙwarya, tana tafe tana zaginsa tun daga nesa. Wata rana, bayan shekaru, ta zauna ta dube shi, furfura ta fito masa.

"Ubale jiya ya kusa cire wa liman kunne. Kai kuma kana nan kana goge ƙeyar masu raƙuma. Ba ka tuna gidajen babanmu?"

"Kullum, Yaya. Ko yau da safe sai da na bi su ɗaya-ɗaya a raina."

"To?"

"To, miƙo furar."