Ni Kaɗai Baba Modu Ya Tambaya

Kafin in zama ɓarawo, ni ne wanda ake kawo wa waya a unguwarmu ta Koki. Na karanci kwamfuta a jami'a, na yi hidimar ƙasa, na dawo gida babu aiki. Duk wanda saƙo ya shigo masa bai gane ba, sai ya same ni a dakalin ƙofar gidanmu bayan la'asar ya ce, "Injiniya, duba mini, wannan na gaskiya ne?" Idan na ce a'a, ya goge. Idan na ce e, ya danna. Domin matasa nake wannan rubutu, kuma na ɗaukar wa kaina cewa ba zan faɗi abin da ban tabbatar ba.

Wani da muka yi karatu tare ne ya fara kawo mini aiki. Ya ce in kwaikwayi shafin wani kamfanin asusun kirifto, wato kuɗin intanet, wai gwaji ne. Ba daidai ba ne in ce ya yaudare ni. Tun a rana ta biyu na fahimci abin da ake nufi. Kowane asusun kirifto yana da kalmomin sirri, galibi goma sha biyu, kuma duk wanda ya riƙe su shi ne mai asusun. Shafinmu yana gaya wa mutum cewa za a rufe masa asusu idan bai shigar da kalmominsa nan take ba. Yana shigarwa, sai su faɗo hannun abokin nawa. Ni na tsara launi da tambari, ni kuma na rubuta bayanin da Hausa mai ladabi, har da fatan alheri a ƙarshe. Ban taɓa tambayar su wa ake tura wa ba. Na fi so in ɗauka mutanen nesa ne.

Baba Modu maƙwabcinmu ne. Asalinsu Barno, amma tun kakansa suke Koki. Sana'arsa hula: yakan kai wa matan gidaje zare da ƙyalle, su ɗinka, ya karɓa ya kai wanki, ya aika wa masu saye a ƙasashen waje. Idan kuɗi ya zo ya bi gida gida ya sallame su. Babu takarda a tsakaninsu, bakinsa ne takardar. Da masu sayen suka koma biya da kirifto, ni na buɗe masa asusu. Na rubuta kalmomin a ƴar takarda, na ce kada ya nuna wa kowa. Ya ninke ta ya sa a gafakar Alƙur'aninsa.

Wata la'asar, gab da azumi, ya zo da wayarsa a hannun dama, gafakar a hammata. Yana miƙo mini wayar na gane shafin kamar yadda mutum ke gane rubutun hannunsa.

"Injiniya, an ce za a rufe mini asusu," in ji shi. "Kai ka ce kada in nuna wa kowa kalmomin nan. To su waɗannan, su ma kowa ne?"

Na sha faɗa wa kaina cewa tsoro ne ya kama ni, domin idan na ce na bogi ne zai gargaɗi sauran ƴan kasuwa, abokina kuma ya gane daga ina aka samu matsala. Akwai tsoron, amma ba shi kaɗai ba ne. Na san girman cinikin Baba, na kuma tuna da rabon da abokina zai ba ni.

Na ce, "Kamfanin ne da kansu, Baba. Babu komai."

Ya yi dariya ya ce, "Mu da muka ƙare a allo, Allah Ya bar mana ku." Ya zaro takardar ya ba ni, domin idonsa ba ya ganin ƙananan haruffa. Da yatsana na shigar da kalmomin.

Washegari da hantsi ya dawo, asusun babu komai. A nan ne laifina na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. Kuɗin hulunan sallah, aikin da matan suka yi wata da watanni a kansa, bai riga ya shigo ba. Da a ce na buɗe masa sabon asusu, na ce ya sanar da masu sayen kada su ƙara turawa tsohon, da an tsira da shi. Aikin minti kaɗan ne. Sai na ce matsalar sadarwa ce, ya yi haƙuri ya jira, ya kuma goge saƙon don kada ya cika masa waya. Kuɗin ya shigo bayan kwanaki, ya bi na farko. Daga baya wani ya kira shi ya ce zai dawo masa da komai idan ya biya ladan aiki, Baba ya biya. Ban tabbatar ko abokina ne ya shirya wannan ba, saboda haka ba zan ɗora masa ba.

Matan ba su san kirifto ba, Baba Modu suka sani. Magana ta zaga lungu cewa ya cinye. Aka daina karɓar zarensa. Ya daina zama a zaurensa. Duk wannan lokacin bai gaya wa kowa cewa ya nuna mini shafin ba. Yana gudun kada a ce na yi kuskure, sunana ya ɓaci. Ina gaishe shi kullum a masallaci, yana amsawa.

Ƴarsa Falmata, malamar asibiti, ita ta yi abin da ya kamata in yi. Kafin a goge saƙon ta riga ta ɗauki hotonsa da na shafin da wayarta. Ta kwafi adireshin asusun da kuɗin ya tafi, ta kai ƙara wurin ƴan sanda, ta sanar da kamfanin canjin da aka bi da kuɗin. Aka kama abokina, shi kuma bai ɓata lokaci ba wajen ambaton sunana. Kotu ta ɗaure ni. Game da gidan yari ba zan tsawaita ba: akwai zafi, akwai cunkoso, mahaifiyata kuma sau ɗaya ta zo. A iya sanina, kuɗin bai dawo ba.

Da na fito na je na durƙusa a zauren Baba. Kwandunan hula da na sani a jikin bango babu su. 

"Kano cike take da masu boko," in ji shi, "amma kai kaɗai na tambaya."

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

"Nawa na yafe. Na matan nan ba nawa ba ne da zan yafe. Har yau akwai waɗanda ke cewa tare muka raba da kai. Tashi ka je ka faɗa musu da bakinka."

Na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. In yi sallama, in tsaya a zaure, in faɗi abin da na yi da murya mai ƙarfi don a ji daga ciki. A wani gida wata tsohuwa ta ce daga bayan labule, "Mun ji, Malam Injiniya. Idona da ya tafi a kan allura fa, shi ma za ka dawo da shi?" Na fito na nufi gida na gaba.

Ku matasa, ku riƙe wannan. Babu kamfanin gaskiya da zai nemi kalmomin sirrinku, ko ta saƙo, ko ta shafi, ko ta waya. Idan kun riga kun shigar, wannan asusun ya mutu: ku buɗe sabo da sababbin kalmomi, ku kwashe abin da ya rage, ku sanar da duk mai turo muku kuɗi a ranar. Idan kuma izinin taɓa asusunku kuka ba wa shafin, ku janye shi. Kada ku goge komai; ku ɗauki hoto, ku kai ƙara da wuri. Wanda ya ce ku biya ya dawo muku da kuɗinku, ɓarawo ne na biyu. Kada kunya ta rufe muku baki.

Kai kuma mai ilimin da unguwa ke kawo wa waya, idan aka kawo maka aikin kwaikwayon shafi, ka sani wata rana shafin zai dawo dakalinka a hannun wanda ya yarda da kai. Na tuba, ina roƙon Allah gafara. Mata biyu sun sake karɓar zaren Baba Modu. Sauran ba su karɓa ba.