Rana a cikin kwalba

Shekarar da na fara neman matata, sirantaka ce babbar damuwata. A littattafan soyayya da nake haya a kasuwar Konni, kowane saurayi ƙirjinsa faɗi gare shi, ni kuwa rigata ma kamar a ƙusa aka rataye ta. Ga shi mahaifinta, mai garkar albasa kusa da Tsarnawa, ya sa ranar da zan je taya shi ɗibar albasa, kamar yadda manemin aure ke yi. Can ake ganin wanda zai iya riƙe gida.

Wani mai tallar magani a tasha ya sayar mini da ƙwayoyi rawaya, bitamin D. Ya ce suna ta da sinadaran jiki masu gina tsoka, ya ce rana ce aka ɗura a kwalba. Sai na yi tunani: in na haɗa ta kwalba da ta sama, ai abin zai yi yawa. Wata guda na daina lodi a tasha, na shige ɗaki, ina shan ƙwaya ina auna damtsena da zare.

Zaren bai motsa ba. Na je wurin majo, babban malamin jinya na asibitinmu. Ya ce mai lafiya irina rana ta ishe shi, batun sinadaran tsoka kuwa su kansu likitoci bakinsu bai zo ɗaya ba. Na fito ban gane ko in ƙara ba ne ko in bari. Na ƙara.

Ranar aikin, buhun farko ya kai gwiwata ya tsaya. Na sake gwadawa, tafin hannuna da ya yi laushi ya saɓule. Ƙannen uban suka yi ta dariya, ita kuwa budurwar tawa tana gindin mangwaro da tulun ruwa.

Tsohon, mahaifinta, ya dubi tafin hannuna da fatata da ta yi haske.

“Yaro, wa ya ce maka ka ɓuya ma rana? Zo ka kama allura.”

Ya sa ni ɗinkin bakin buhu, na wuni a rana ina yi, kuma aka yaba ɗinkin. Da la’asar ta miƙo mini ruwa, ta ce wata guda ta zaci wata yarinya na samu, tunda ba ta ƙara ganina a tasha ba. Na ba ta labarin kwalbar, ta yi dariya har ruwan ya zube.

Bayan damina aka ɗaura mana aure. Har yau ban san abin da ƙwayoyin suka yi a jikina ba. Sauran tana ajiye da su cikin kwanon jerenta.