Ciwon da Gidanmu Ya Ƙi Ambata

A gidanmu na Kwarbai ba a faɗin sunan ciwon, "abin nan" ake cewa. Shi ya kashe kakarmu ta wajen uwa, ya ɗauke ƙanwar Innarmu tana da goyo, sannan ya kama Inna ita kanta ina aji uku a sakandare. Dukkansu a nono ya fito musu. Wani mai magani daga Kufena ya yi ta kawo baƙin gari ana kwaɓawa ana shafa wa Inna, har ta rasu.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin, ina koyarwa a firamare, Yayata ta kira ni ɗakinta da hantsi. Ta kama hannuna ta ɗora a gefen nononta na hagu. Na ji ƙululu mai tauri kamar ƙwallon dabino.

"Yaya, tun yaushe?"

"Tun kafin azumi," in ji ta. Wata biyar ke nan tana ɓoyewa.

Sai da na yi sati uku ina magiya kafin ta yarda muka je asibiti. Likita ya tambaya ko an taɓa yin irinsa a dangi. Yaya ta ce babu. Na ce, "Mutum uku." Ya ajiye biro, ya dube ni.

"Malama, akwai sankarar da ke bin jini. Ba kowa za ta kama ba, amma matan gidanku sun fi sauran mata haɗari. Ku riƙa zuwa ana duba ku. Ita kuwa, a yi mata aiki yanzu."

Na kai maganar wurin Kawu, wan Innarmu, don shi ne babba. Yana zaure yana karanta jarida. Ban ma gama ba ya katse ni.

"Kada in ƙara jin kalmar gado a bakinki. So kike a ce jininmu da ciwo? Wa zai nemi auren yaran nan?"

"Kawu, 'ya'yanka mata ma suna ciki."

"Ciwo na Allah ne."

"Maganin ma nasa ne," na ce.

Ya naɗe jaridarsa ya shige gida. Bai sake amsa gaisuwata ba sai da babbar salla.

Yaya ta ji an ce za a cire nono, ta tsorata, ta koma wa baƙin garin nan na shafawa. Na yi faɗa, na yi kuka, na yi fushi na daina zuwa, na kuma dawo. Ranar da ta ce a kai ta asibiti, ciwon ya riga ya kai hammata da ƙashin baya. Ta rasu da damina. A wurin zaman makoki ina ji ana gaya wa masu gaisuwa wai ciwon baya ne. Na tashi na shiga madafa don kada in yi abin kunya.

Bayan sadakar arba'in, babbar 'yar Kawu, mai 'ya'ya biyu, ta same ni a makaranta lokacin hutun tara.

"Yaya, ki raka ni a duba ni. Amma kada Baba ya ji."

Muka ce za mu wurin tela a Ƙofar Kibo, muka hau tasi zuwa asibiti. Ba a ga komai ba, aka ce ta dawo bayan wata shida. Muna fitowa ta tsaya bakin titi ta sayi yadi biyu na atamfa, saboda kada a gan mu hannu sake a tambaya.